Gwaggo Ba Ta Faɗin Ranar Tafiya

Arewacin Suwidin,
farkon Nuwamba

Gwaggona Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar nan taki? Ya Baba maigidanki, yana gida ko yana can teku a wurin aikin gas ɗinsu? Mu nan lafiya lau, sai nauyin jiki. Ungozoma ta ce saukata ba za ta wuce ƙarshen Disamba ba. Kin san bakina ba zai iya faɗa miki maganar da ke tafe a waya ba, shi ya sa na zauna na rubuto. Kuma ina so ki sa a buga miki wasiƙar nan a takarda, ki saka ta a jakar hannu.

Tun da kika ce za ki zo ki yi mini jego nake murna, don ba ni da wata uwa sai ke. Amma wallahi murnar da tsoro a cikinta. Gwaggo, mu ba a Stockholm muke ba. Waɗanda suka ba ki labarin ƙasar nan babban birnin suka gani, suka ɗauki hoto a bakin ruwa suka koma. Mu kuwa idan kin sauka daga jirgin sama, lokacin ne tafiya ta fara. Za ki kwana a jirgin ƙasa ki wayi gari a wani gari da ake ce wa Boden, daga nan kuma a nausa daji da mota har ƙauyen da maigidan yake aikin asibiti. Gidajen ƙauyen gaba ɗaya ba su kai na layinku na Mesaimeer ba, kuma a warwatse suke cikin bishiyoyi.

Sanyin da kike fito da bargo saboda shi a Doha, mu nan shi ne lokacin zafinmu. A Disamba waje ya fi cikin firizarki sanyi. Kada ki sa atamfa ko leshi a hanya, auduga tana riƙe gumi ta huce a jikin mutum. Ki sayi kayan ulu masu kama jiki ki sa daga ciki, ki ɗora riga, ki ɗora babbar rigar sanyi, sannan hijabi. Takalmi mai gashi a ciki, wanda ya ɗan fi ƙafarki. Safar hannu mai kauri, ba irin baƙar nan mai shara-shara da kike zuwa Harami da ita ba.

Rana kuma ba ta daɗewa. Kina idar da azahar la'asar ta shigo, kafin ki naɗe sallaya magariba ta yi, gari ya yi baƙi ƙirin. Bas ba ya karɓar kuɗin hannu, sai kati. Waya tana mutuwa a sanyi ko da cajinta a cike yake, sai ki ajiye ta a aljihun ciki, jikin fatarki. Kada ki zo da kilishi ko dambun nama, ƙwacewa za su yi, kuma na san ki, sai kin tsaya kin yi musu wa'azi.

Babban abin da nake roƙo shi ne ki faɗa mini ranar da za ki taso. Maigidan zai je Boden ya tsaya a bakin jirgin ya ɗauko ki. Daga Boden zuwa nan ba hanyar da baƙo zai bi shi kaɗai ba ce. Na san halinki, shi ya sa na ajiye wannan maganar a ƙarshe don ta zauna miki.

Ki gaida Baba, ki gaida maƙwabciyarki Anti Awawu.

'Yarki,
Ruƙayya


Mesaimeer, Doha,
tsakiyar Nuwamba

Ruƙayya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwa ta yi sauƙi tun da zafi ya sauka. Babanki ya koma teku, ya bar mini tulin wanki kamar kullum. Allah ya sauke ki lafiya. Daga yanzu ki daina ɗaukar abu mai nauyi, kuma ki riƙa ɗan takawa a cikin gida.

Na karanta takardarki. Sannu malama. Yarinyar da na koya wa ɗaura zani ce yau take koya mini sa riga. Na je Makka, na je Dubai saro kaya ni kaɗai tun Turancina bai wuce na gaisuwa ba, ban taɓa ɓata ba. Ko'ina a duniya akwai tasha, kuma duk tasha akwai mai shago da ɗan tasi da masu zaman banza. Baƙar mace mai ciki a ƙauyen Turawa, wa zan tambaya ya ce bai san gidanta ba?

Amma ba zan ɓoye miki ba, maganar duhun nan ta tsaya mini a rai. Jiya na buɗe firiza na cusa hannu na tsaya, ina so in ji abin da kike nufi. Ban daɗe ba na zare. Awawu ta shigo ta same ni a haka, ta ce ko na fara taɓuwa ne.

Na je kasuwar Abu Hamour na sayo citta da kanumfari da tsamiya. Kanwar da aka kawo mini daga Kano tana nan, kunun kanwa sai kin ce ya ishe ki. Ganyen darbejiya na tsinko a bishiyar bayan masallaci na shanya a ɗaki, don ban yarda ƙasar da ba ta da rana tana da ganyen wankan jego ba. Rigar sanyi ma na saya. Mai shagon ɗan Nepal ne, ya rantse da irinta ake hawa duwatsun ƙasarsu. In na sa ta sai in koma kamar buhun gawayi.

Maganar rana kuwa, ki bar ta. Kin sani sarai ba na faɗa. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, sai da ya bi dangi gida gida yana cewa ranar kaza zan tafi Legas, kowa ya ji, kowa ya tofa, kuma ko Zariya motarsu ba ta kai ba. Tun daga ranar ban ƙara gaya wa mahaluki ranar tafiyata ba, har Babanki, sai dai ya ga jaka a bakin ƙofa. Ban ce wani ya yi wa yayana wani abu ba, Allah ne ya yi kiransa. Amma bakin mutane ba abin wasa ba ne, balle tafiyar da aka san ta haihuwa ce.

Sannan ki duba kunya mana. Ni in zauna a mota ɗaya da surukina, mu biyu, tsawon daji, in ce masa me? Ya bar marasa lafiyarsa ya zo ya yi mini dakon akwati? Khalas, magana ta ƙare. Sallamata kawai za ki ji.

Gwaggonki


Arewacin Suwidin,
ƙarshen Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina fatan kin tashi lafiya. Ni ƙafafuna ne suka kumbura, ungozoma ta ce ba komai. Na yi dariyar firiza har maigidan ya leƙo, amma da na kai ƙarshen wasiƙarki dariyar ta tsaya.

Don girman Allah ki saurare ni. Tashar da kike tunani babu ita a nan. Sanda ce guda da ɗan allo a bakin babban titi, a mararrabar da hanyar ƙauyenmu ta ɓalle. Babu shago, babu benci, babu ɗan tasi. Tasi sai an kira shi tun ana gobe. Daga sandar zuwa gidanmu tafiya ce mai nisa a ƙafa, kuma hanyar ta rabu biyu a cikin daji, ɗayar gidajen hutu take zuwa, waɗanda yawancin masu su ba sa zama sai lokacin zafi. Mutanen nan ba sa zaman waje. Na daɗe a gidan nan kafin na ga fuskar maƙwabciyata. A watan da za ki zo kowane gida yana kunna 'yan fitilu a taga, da mutum ko babu, don haka ganin haske ba shi ne za a amsa miki ba.

To ga shawara. Kada ki faɗa mini yanzu. Ki bari sai kin sauka a Stockholm, kin riga kin wuce bakin kowa, sai ki kira ni. Maganar kunya kuma, maigidan ya ce zai zo da wata abokiyar aikinsa 'yar Somaliya, ku zauna a baya ke da ita, shi ko madubi ba zai kalla ba.

In na kwanta na rufe ido sai in gan ki tsaye a gindin sandar nan da akwati. Hanya ta riga ta cinye mini uba, Gwaggo. Ba zan iya ɗaukar a ce garin zuwa wurina wani abu ya same ki ba. Ki ce mini to.

Ruƙayya


Mesaimeer,
farkon Disamba

Ruƙayya,

Lafiya lau muke. Ki ɗora ƙafafun a kan filo, ki rage gishiri.

Biza ta fito, alhamdu lillahi. Na ji duk abin da kika faɗa. Ki daina tayar da hankalinki, ba kyau ga mai ciki, ko so kike ki haifa mini mai kukan banza? In na ga abin ya fi ƙarfina ai ina da baki, ina da waya. Babanki zai fito daga teku mako mai zuwa, ina nan ina cika masa firiza da miya, don mutumin nan in aka bar shi sai ya ƙare a shayi da burodi. Awawu ta yi mini lalle har wuyan hannu, ya kama ya yi baƙi wuluk, kada a ce uwar mai jego ta zo da hannu kamar ta fito daga wanke-wanke.

Gwaggonki


Mesaimeer,
safiyar Alhamis

'Yata Ruƙayya,

Assalamu alaikum. Ya nauyin jiki? Ya mijinki Rashad da aikin asibiti? Ni jiya da yamma na fito daga teku, lafiya lau, sai gajiya.

Na buɗe gida na yi sallama, firji ne kaɗai ya amsa mini. Gwaggonki ta yi halin nata. Awawu ce ta miƙo mini makulli ta kan katanga, ta ce tun safiyar Talata mijinta ya kai ta filin jirgi. Duk tsawon zamanmu da ita ban samu darajar da za a gaya mini ranar tafiya ba, na kuma daina nema. Na kira wayarta na ji a kashe, na san layin Doha ne bai kama a wurinku ba. Na ce bari in ƙyale ku ku gama hirar isowa.

Yanzu dai na san tana zaune ta miƙe ƙafa tana kushe girkinki, tana tambayar me ya sa labulenki ya yi gajarta. Ki yi haƙuri da ita, murna ce. Ki ce mata na ga miyar, na gode, amma wace ce kuka wace ce kuɓewa? Duk sun daskare sun koma kala ɗaya. Ki ce in ta huta ta kira ni ta wayarki. Ya ta ga sanyin naku, ita da ta ce ba abin da zai yi mata?

Babanki,
Aminullahi


Mesaimeer,
Alhamis, da hantsi

Ruƙayya,

Tun da kika ajiye waya ban zauna ba. Ki yafe mini ihun da na yi, ba ke nake wa ba. Da kika ce "Baba, ai ba ta zo ba," ban san lokacin da kofin ya suɓuce daga hannuna ba. Kin ce 'yan sanda suna son komai a rubuce. Ga abin da na sani, Rashad ya fassara musu.

Awawu ta ce ta fita da doguwar rigar sanyi baƙa da hijabi ruwan toka. Tana jan babban akwati ja mai taya, da jakar hannu. Ta haura hamsin, tana ɗingisa ƙafar hagu in ta gaji. Tana jin Turanci daidai gwargwado. Hannayenta da baƙin lalle. Na je unguwar Bin Omran wurin mai yankar mata tikiti, ya ce har na jirgin ƙasa zuwa Boden ya yankar mata, kuma ta sa ya nemo mata na bas daga can. Hotunan duka na turo miki a waya. A lissafinsa, jiya Laraba bayan azahar ya kamata ta sauka a mararrabarku.

Jiya, Ruƙayya. Ina nan ina yi mata dariyar miya.

Akwai wani abu kuma da ya kamata su sani. Na shiga ɗaki neman hotonta, na tarar da safar hannu mai kauri a kan gado, sabuwa, ko zaren da ya haɗa su ba a yanke ba. Na tambayi Awawu, ta fashe da kuka. Ta ce Gwaggonki ta gwada ta, ta ce da ita ba za ta iya riƙe hannun akwati ba, ta sa baƙar nan tata ta Harami. Kuma Gwaggonki ta rantsar da Awawu kada ta faɗa miki sai ita ta kira da kanta.

Na bincika ko zan iya tasowa yau. Ba ni da biza, kuma ba a samun ta a yini ɗaya. Nan rana ce tar, yaran layi suna buga ƙwallo da 'yan singileti, ni kuma ina tsaye a tsakar gida da waya a hannu, ba abin da zan iya. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji a teku ba. Ke dai na roƙe ki, kada ki fita nemanta da wannan cikin.

Babanki


Alhamis, bayan azahar

Baba,

Rubutawa nake saboda in na ji muryarka kuka zan yi, ba zan faɗi komai daidai ba.

'Yan sanda sun samu direban bas ɗin. Ya tuna ta. Ya ce ta nuna masa adireshinmu a takarda, ya sauke ta a mararraba jiya, duhu ya riga ya fara. Ya tambaye ta ko akwai mai zuwa ɗaukarta, ta yi murmushi ta ce gidan 'yarta ne, ta sani. Ya nuna mata hanyar da hannu ya ja motarsa. Bayan tafiyarsa dusar ƙanƙara ta sauko, ta rufe duk wani sawu.

An samu akwatin, Baba. Yana gefen hanya, bai yi nisa da sandar ba, ƙanƙara ta binne rabinsa. Sun kawo mini don in tabbatar. Na buɗe, ƙamshin kanumfari ya cika falon. Ga tsamiya, ga kanwa, ga ganyen da ta shanya, ga 'yan riguna na jariri da ba ta gaya mini ta saya ba. Zannuwan goyo ne kawai na ga an hargitsa, alamar ta buɗe ta ɗebi wasu. Ɗan sandan ya ce wannan alama ce mai kyau, tana cikin hankalinta a lokacin. Ban tambaye shi yadda yake gani yanzu ba.

Mutanen ƙauyen duk sun fito, waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. Wasu da karnuka, wasu da baburan da ke tafiya a kan ƙanƙara. Maigidan yana tare da su. Maƙwabciyata ta zo ta zauna da ni, ta riƙe mini hannu.

Jiya a daidai lokacin ina zaune ina ninke kaya, na kalli taga na ce Allah ya sa dai Gwaggo ta jira Baba ya dawo. Na ɗauka miyar da take cika maka alama ce za ta tsaya ku gana. Ashe tana bayan bishiyoyin nan da nake kallo.

Hasken ya fara tafiya, Baba. Ka sa a yi mata addu'a a masallacinku.

Ruƙayya


Alhamis, bayan magariba

Baba,

Na kira, layinka a cike yake. An gan ta. Tana da rai.

Ta bi ɗaya hanyar ne, ta gidajen hutu. Wani dattijo da yake zaune a can shi kaɗai ya kwana a wurin 'yarsa a gari, da ya dawo ya tarar da ita a zaurensa a ƙudundune. Ba ta iya magana sosai. An ɗauke ta a jirgi mai saukar ungulu zuwa babban asibiti, maigidan ya bi ta. Ya ce ta gane shi, don da ta buɗe ido ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin jawo hijabi. Ya ce zuciyarta da numfashinta lafiya. Na tambaye shi hannayenta, ya ce sai likitoci sun duba, lallen ya hana su gani da kyau.

Ka yi sujada, Baba. Ni na kasa sunkuyawa, a zaune na yi tawa.

Ruƙayya


Arewacin Suwidin,
tsakiyar Janairu

Malam,

Assalamu alaikum. Ni nake faɗa, Ruƙayya take rubutawa, don haka in ka ga magana ta yi laushi ita ta gyara. Ina fatan kana lafiya, kana cin abinci. Mai jego ta warware, yaron yana ta ƙiba. Ni ma na dawo gida daga asibiti.

Kullum a waya kana tambayata yadda aka yi, ina ce maka sai ka zo. Bizarka ta ƙi fitowa, kuma maganar ta yi mini nauyi, gara in sauke.

A Stockholm na ciro waya zan kira yarinyar nan, na ce bari dai in kai Boden. Da na sauka Boden na ga gari sosai, ga shaguna ga mutane, na ce Ruƙayya ta cika zuzuta abu. Sai da bas ya sauke ni ya tafi da fitilunsa na gane ba ta faɗi ko rabi ba. Malam, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba kare, ba mota, ba kiran salla. Na ciro waya, ta kawo haske ta mutu a hannuna. Akwatin ya ƙi tafiya, na ja na ja, na bar shi. Na kama hanya ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da na hango gida mai fitilu a taga na ce alhamdu lillahi. Na tsaya na yi sallama sau uku, na ƙwanƙwasa, shiru. Akwai ɗan zaure na katako a gaba, ƙofarsa ba kulle, na shiga na zauna in jira masu gida, kamar yadda ake yi. Ƙofar ciki tana gabana, ina jin ɗumi yana fitowa ta ƙarƙashinta. Ban taɓa ta ba. Na ce ni baƙuwa, baƙar fata, a tarar da ni a tsakar ɗakin mutane, a ce gwaggon matar likita ɓarauniya ce? Na naɗe ƙafafuna da zannuwan goyo, na ce yanzu za su dawo. Abin da ya biyo baya ba zan ba ka labarinsa ba, ni ma ba duka na sani ba.

Dattijon ya zo duba ni a asibiti. Dogo ne, ya tsaya a bakin gado yana murza hula. Ya sa aka tambaye ni me ya hana ni murɗa ƙofar, ya ce bai taɓa kulle ta ba, a wajensu ba mai kullewa da sanyi, saboda irin wannan ranar. Na ce a gaya masa na yi sallama ba a amsa ba. Da aka fassara masa sai ya zauna ya rufe fuska.

Yanzu abin da na hana su gaya maka. Ƙafafu sun tsira. Hannu ne bai tsira duka ba. Sun jira sun ga iyakar abin da zai dawo, makon jiya suka yi aikin. A dama sun cire yatsu uku, sun bar mini babban yatsa da manuni. A hagu kawunan yatsu biyu. Kada ka gaya wa Awawu tukuna, za ta ce laifinta ne, kuma ba nata ba ne.

Na zo in yi wanka, ni ake wa wanka. Ruwan jegon ma mijin Ruƙayya ne yake dafawa, ina daga kujera ina gaya masa yawan ganyen, yana cewa to Gwaggo. Kunun kanwa Ruƙayya ce take dama abinta, ya yi tsululu, na shanye ban kushe ba. Duk wannan na daure, ka san ni.

Jiya ne aka ɗora mini yaron a gwiwar hannu, aka tokare da filo. Ka san jariri, in abu ya taɓa tafin hannunsa sai ya damƙe. Ya yi ta lalube a kan hannuna yana neman yatsa. Da bai samu ba sai ya kama bakin bandejin ya riƙe gam, ya yi barcinsa. A nan na yi kukan da ban yi a zauren dattijon nan ba. Ruƙayya ta zo za ta ɗauke shi, na ce ta bar shi, ai ya samu abin riƙewa.

Matarka,
Rakiya